Muryar da Na Ƙi Amsawa a Kufai

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta fuskokin mutanen da muka yi noma gona da gona, na manta sunayen rijiyoyin da na sha ruwansu, jiya ma sai da jikata ta nuna mini inda na ajiye carbina. Amma muryar da ta kira ni a kufai da rana tsaka na ƙi amsawa, wannan kam ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe idona.

Abin ya faru kamar shekara goma bayan babbar yunwar nan da ta share garuruwa a Damargu. A lokacin ina ji da ƙarfina, magidanci ne ni a wani ƙaramin ƙauye gefen Falanko. Babana ya rasu, inna ta tsufa, matata ga tsohon ciki, ni kaɗai ne namiji mai riƙe hauya a gidan. Sai ga shi mai gari ya sa ni cikin waɗanda za su tafi aikin tilas na gyaran hanya da zarar an gama bikin Nasara, wato daidai faɗuwar damina. Wanda aka ɗauka a irin wannan lokaci, gonarsa ta zama ta ciyawa. Mu kuwa da muka ga yunwa da idonmu ba sai an gaya mana abin da rumbu wayam yake nufi ba.

Ana cikin haka wani gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya zo a kan raƙumi da shela. Ya ce kumandan, Nasaran da ke mulkin Tanut, yana son kallon gudu ranar biki. Za a tashi da hantsi daga wata rijiyar makiyaya da ke kusa da mu, a kama hanya har ƙofar bariki, nisan da mai jaki ke yini a kansa. Wanda ya riga kowa isa za a ba shi riga, a kuma ba shi takardar da za ta cire gidansa daga aikin tilas na wannan shekara. Mutane suka yi ta dariya, wai magidanci da gemunsa ya kama gudu, ba kura ba, ba mahara ba. Ni ban yi dariya ba. Rigar ba ta dame ni ba, takardar nake so.

Ina da kawu, ƙanen innata, wani siririn mutum mai saurin fushi. A zamanin ayari shi ne ke rigan fatake da gudu ya kai labarin isowarsu Damagaram, don haka duk yankinmu ba wanda ya san gudun nesa kamarsa. Na je na durƙusa na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Tashi ka yi gudu zuwa waccan ƙaya ka dawo." Da na juya sai na ga ya kwanta ya kafa kunnensa a ƙasa. Na je na dawo ina haki, ina jiran yabo. Ya tashi yana kaɗe rairayi daga kunnensa, ya ce, "Subhanallahi! Wannan ai jaki ne da kaya. Ƙafarka ta hagu tana dukan ƙasa sai ka ce ta yi mata laifi." Daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai dai Mai ƙafar jaki, kuma duk duniya shi kaɗai ke kirana haka.

Wata biyu muka yi yana gasa mini aya a hannu. Kullum da yamma sai ya sa in jiƙa tafin ƙafata a ruwan bagaruwa, yadda majema ke yi wa fata, har ya zamanto ina taka ƙarangiya ban sani ba. Ya hana ni yaji, ya hana ni cika ciki da tuwo, sai fura da ɗan dabino. Ya ba ni wata 'yar tsakuwa mai santsi in riƙa sawa a baki don kada miyau ya ƙafe, in kuma na buɗe baki ina numfashi sai in ji tsumagiya a ƙwaurina. Kuma ba da sanyin safiya muke gudun ba. Cewa yake, "Nasara ba zai sa a riƙe maka rana ba," saboda haka sai hantsi ya dubi ludayi muke fita. In na yi ƙorafi ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, in kuma na fi son in je in fasa dutse a hanya, ƙofa a buɗe take. Wallahi akwai ranakun da na tsani mutumin nan.

Wata dabara da yake da ita kuma ita ce binne ruwa. Mai gudun nesa ba ya ɗaukar salka, don haka tun da wuri kawu kan bi hanyar ya binne ƙananan goruna cike da ruwa a cikin rairayi, ya ɗora duwatsu uku a kai. In na iso sai in tone, in kurɓa, in wuce. Wuri biyu ya zaɓa. Na farko gindin wata aduwa, na biyu kuwa a tsakiyar kufai.

Bari in gaya muku yadda kufan nan yake. Gari ne babba a dā, yunwa ta cinye shi, waɗanda suka rage suka watse. Babu abin da ya saura sai guntayen bango, da fasassun tukwane, da duwatsun niƙa a kife, da wata busasshiyar bishiya a inda aka ce kasuwa take. Tsohuwar hanyar Tanut ta tsakiyarsa ta ratsa, amma tun bayan yunwar ba mai bin ta. Kowa sai ya zagaya ta sabuwar hanya, ko da yake ta fi nisa sosai. Makiyaya ma ba sa barin dabbobinsu su shiga. Kawu ya ce wannan tsoron na mutane shi ne rabona, domin gardi ya ce a isa bariki ne kawai, bai ce ta ina ba. Ni zan yanke ta kufai, sauran su zagaya.

Ran da muka fara ratsa shi tare, ya tsayar da ni a bakin garin ya ce, "Ka san dokar daji ko?" Na ce na sani, wa bai sani ba? Tun muna yara ake gaya mana, in kana daji kai kaɗai da rana tsaka ka ji an kira sunanka, kada ka amsa, kada ka waiwaya. Lokacin fitar mutanen ɓoye ne, in ka amsa ka ba da kanka. Ya ce, "To, a nan wurin ka ninka ta. Suna aron muryar wanda ka sani. Ko muryar uwarka ka ji, ko tawa, ka yi a'uziyya ka ƙara mai. Ka ji ko?" Na ce na ji, kawu. Ya kama kunnena ya murɗa, ya ce, "Ko tawa, na ce." Sau da yawa muka ratsa kufan bayan haka, ban taɓa jin komai ba sai iska.

Biki ya kama ranar Laraba. Ran Asabar da safe kawu ya ce zai tafi Belbeji wurin wani Buzu abokinsa ya samo mini kitsen jimina na shafa wa ƙafa, daga can ya wuce Tanut ya jira ni a ƙofar bariki. Ya ce kafin ya karkata yamma zai fara bi ta hanyata ya binne mini ruwa, gora uku a gindin aduwa, uku a kufai, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya tsara mini kwanakin. Lahadi in gudu har Tanut in kwana gidan wani danginmu, Litinin in dawo, Talata in huta, Laraba kuma sai abin da Allah ya yi. Ya rataya gorunansa ya kama hanya, ko waiwayowa bai yi ba.

Ran Lahadi na fita ni kaɗai. Ruwan sama ya yi jinkiri a shekarar, ƙasa kamar an zuba garwashi. A gindin aduwa na tarar da duwatsu uku, na tone, ga goruna uku reras. Na sha ɗaya na mayar da ƙasa. Rana na tsaka na shiga kufai. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ko kukan tsuntsu babu, iskar ma ta ɗauke, ba na jin komai sai tafin ƙafata da bugun zuciyata. Na isa gindin bangon da muka saba binne ruwa, babu duwatsu, babu alamar an taɓa ƙasar. Na durƙusa ina tono da hannu ko ya manta bai sa alama ba, sai na ji an kira sunana.

Sunana na yanka, wanda inna ba ta taɓa faɗa ba saboda ni ɗan fari ne. Muryar ba daga gabana ta fito ba, ba daga bayana ba. Kamar daga ƙarƙashin gwiwoyina take tasowa, tana da amo irin na wanda ya sa kai a tulu yana magana. Na daina tono. Na ce a raina kunnena ne. Sai aka sake, a hankali, ana jan kalmomin: "Mai ƙafar jaki!" Muryar kawu ce sak, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Kawun da na san a lokacin ya kusa Belbeji. Na tuna yadda ya murɗe mini kunne. Na yi a'uziyya, na tashi, na zuba da gudu. Ina ji ana ta kira a bayana har na fita garin, kuma ban san lokacin da na haɗiye 'yar tsakuwata ba.

Yanzu da nake tsoho ina iya zama in ce da na yi tunani. Ruwa yana gindin aduwa, babu shi a kufai, ashe ke nan mai binnewar bai wuce kufai ba. Yaro ma ya iya wannan lissafi. Amma tsoro ba ya barin mutum ya haɗa ɗaya da ɗaya. Ni a ganina mutanen ɓoye ne suka kwashe gorunan don in tsaya nema su same ni. A Tanut ban gaya wa kowa ba, don an ce in ka ba da labarinsu ka gayyato su gida. Na ci tuwo kaɗan na kwanta, mai masaukina har yana tambaya ko zazzaɓi nake ji.

Ran Litinin zan dawo, zuciyata ta ce in zagaya ta sabuwar hanya. Sai na ga in ban iya ratsa kufan yau ba, ran Laraba ma ba zan iya ba, takarda kuma ta tafi. Na yago ƙyalle daga bakin rigata na toshe kunnuwana, na shiga ina karanta duk abin da na haddace. Ƙyallen bai hana komai ba. Ina kaiwa daidai busasshiyar bishiyar nan muryar ta taso, wannan karon a dishe. Ta kira sunana, ta kira sunan innata, ta ce, "Don Allah, don Annabi, tsaya. Ni ne." Jin ta ambaci Allah ya sa na rage gudu. Sai na tuna wata tsohuwa ta taɓa cewa akwai musulmi a cikinsu, sun fi mu iya salati. Na runtse ido na wuce. Abin da ya biyo ni a baya kamar kuka ne, kamar dariya, ban tsaya tantancewa ba.

Na iso gida na zube a rumfa. Inna ta dube ni ta ce, "Kai, me ka gani?" Na ce ba komai, rana ce. Ta ce, "Da kawunka na nan da ya san abin da zai ba ka." Ran Talata na yini kwance a rumfa, ko ƙofar gida ban leƙa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Laraba da hantsi muka taru a rijiya, mu kusan ashirin. Akwai manoma irina, akwai Fulani biyu dogaye, akwai wani Buzu da bai ce wa kowa uffan ba. Gardi ya harba bindiga sama muka tashi, shi kuma ya biyo baya a kan raƙuminsa don ya kwashi wanda ya faɗi. Na bi maganar kawu, ban yi gaggawa ba, na bar masu zafin kai suka yi gaba. Kafin gindin aduwa na wuce fiye da rabinsu. Na tone gorata ta ƙarshe na sha. A mararraba mutum uku ne kawai a gabana, duk suka karkata sabuwar hanya, ni kuwa na miƙe tsohuwa. Na ji ɗaya daga Fulanin yana ƙwala mini kira, wai ina za ni, hanyar matattu ce. Ban kula shi ba. Na san in na fita kufai lafiya, ko doki suka hau ba za su riga ni ba.

Na shiga garin rana na bisa kai, inuwata duk ta taru a ƙarƙashin ƙafata. Na ƙudura ko me za a ce ba zan saurara ba. Na wuce bangon farko, na wuce duwatsun niƙa, shiru. Har na fara cewa yau an ƙyale ni. Ina gab da bishiyar sai muryar ta fito, ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake jin ta. Ba ta kira sunana ba. Cewa ta yi, "Kai kaɗai nake ji, kana gaba. Kada ka tsaya. Sassauta ƙafar hagun nan, wuce!"

Na yi taku kamar goma kafin maganar ta shiga kaina. Duk labarin da na taɓa ji tun ina yaro, abin daji cewa yake zo, cewa yake tsaya. Ban taɓa jin wanda ya ce wa mutum wuce ba. Kuma wane aljani ne ya damu da ƙafata ta hagu? Mutum ɗaya ne a duniya zai kwana huɗu yana roƙo, ran da ya ji ana tsere kuma ya ce kada a tsaya masa. Na ja birki har na faɗi a kan gwiwa. Na buɗe baki na ce, "Na'am, kawu!" Wallahi da na faɗa sai da na jira in ga ko ƙasa za ta haɗiye ni.

Na bi muryar da rarrafe. Bayan wani guntun bango, taku kaɗan daga inda na durƙusa ina tono ran Lahadi, ga wani baƙin rami, bakinsa bai fi faifai biyu ba. Ramin hatsi ne irin wanda mutanen dā ke haƙawa su ɓoye gero saboda mahara, baki ƙarami, ciki faɗi, zurfinsa ya fi gaba biyu. An rufe shi da itace, rairayi ya binne, itacen ya ruɓe, kawu ya taka ran Asabar ya rufta. Na leƙa, da farko duhu kawai nake gani. Can na hango shi a jingine, ƙafarsa ta dama a karkace ta inda ƙafa ba ta karkata, gorunana uku a gefensa duk a kife. Ruwan da ya ɗauko mini shi ya riƙe shi, ya kuma ƙare tun ran Litinin. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa.

Na fashe da kuka ina cewa, "Kawu, ka yafe mini, na ji ka, sau biyu na ji ka." Ya ɗago hannu da ƙyar ya ce, "Rufe mini baki. Wa ya ce ka tsaya? Tashi ka je ka karɓi takardarka, ka dawo da mutane. Wanda ya kwana huɗu ai ya iya jiran la'asar." Na dubi hanyar Tanut. Abin da ya rage bai kai rubu'in tafiyar ba, ƙafafuna kuma da sauran ƙarfi. Na ga matata da cikinta, na ga gonata. Sannan na sake leƙa ramin, na ga kansa ya langaɓe, yana magana harshensa na kakare masa. In na je Tanut, kafin a gama hayaniyar biki, in sami mai saurarona, a nemo igiya a zo, rana ta faɗi. Gardi kuwa yana nan kan sabuwar hanya da raƙumi da salka. Na ce, "Kawu, yau kam ba zan ji maganarka ba." Ya zage ni, zagin da ban taɓa jin daɗin irinsa ba, don ya nuna mini da sauran ransa.

Gudun da na fi yi a rayuwata shi ne na wannan rana, kuma na yi shi ne na ba Tanut baya. Na yanki daji ta cikin ƙaya da ƙarangiya har na faɗa sabuwar hanya. Na ci karo da 'yan tseren baya suna jan ƙafa, suka ga mutum ya fito daga wajen kufai jina-jina yana gudu ta inda aka fito, suka dare mini, wani har yana salati. Na sami gardi na riƙe akalar raƙuminsa. Da ya ji inda nake so ya bi ni sai ya ce ko kumandan ne ya aike shi ba ya shiga. Na ce to ya ba ni salka da igiya, in ya so ya tsaya daga bakin gari ya riƙe raƙumi. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, kunya ta kama shi, ya ce in hau.

Har bakin ramin gardi ya kai ni, muka zura wa kawu salka tukuna. Sannan na ɗaura igiya a ƙugu na sauka, na ɗaure shi a ƙirji, gardi ya ja raƙumi a hankali yadda makiyaya ke jan guga. Da kawu ya fito haske ya rufe ido, ya ce alhamdulillahi. A lokacin Buzun nan da muka tashi tsere tare ya riga ya isa bariki ya karɓi riga da takarda.

Maɗori ya duba ƙafar ya girgiza kai. Ya ce da an kawo shi a rana ta farko ko ta biyu da ta ɗoru, amma yanzu ƙashin ya riga ya kama a karkace. A gabana ya faɗa, bai san abin da maganar ta yi mini ba. Mutumin da ya yi suna da gudu daga nan har Damagaram bai sake taka ƙasa ba sai da sanda. Ni kuma bayan kwana shida aka tafi da mu aikin hanya, wata uku ina fasa dutse. Na dawo na tarar an haifa mini ɗa, gona kuma rabinta aka samu aka nome, shi ma don kawu ya sa an ɗauke shi an ajiye a bakinta, yana ta masifa har maƙwabta suka yi mana gayya. Mun sha wuya a shekarar, mun haɗa da tafasa da ganye, amma ba wanda ya mutu.

Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. In na ɗauko zancen sai ya ce, "Ni na murɗe maka kunne, ka bi abin da na ce, laifin wa?" Sai wata rana da hantsi, muna zaune yana gyaran igiya, ya ce, "Wai ran Talatar nan, ka zo kufai?" Na ce a'a, kawu, ina gida kwance, inna ma shaida ce. Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Can ya ce, "Ran Talata da rana tsaka na ji gudu. Ƙafar hagu mai nauyi, irin taka. Aka zo har bakin ramin aka tsaya. Aka ce, kawu, kawu, miƙo hannunka. Muryarka ce." Na ce to me ka yi? Ya ce, "Na ɗaga kai. Bakin ramin fayau, rana na zubowa, ba kai, ba inuwa. Sau uku aka kira." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ban amsa ba."

Limamin garinmu ya ce ƙishirwa ce, tana sa mutum ya ji abin da babu. Wataƙila haka ne. Ni dai na san mutumin nan da kunnensa a ƙasa yake bambance takun mutum ashirin, kuma har ya koma ga Allah bai canza ko kalma ɗaya a labarin ba.

Saboda haka ba zan ce muku babu komai a daji ba, ban isa ba. Abin da na koya shi ne, tsoron abin da ba ka gani ba yana iya sa ka tsallake ɗan'uwanka da ke ƙarƙashin ƙafarka. Sau biyu na wuce kawuna yana roƙona da Allah, ina karatu ina ganin kaina mai bin doka, shi kuwa ya biya da ƙafarsa. Aljani in ya kira ka ka amsa, kai da shi akwai Allah. Mutum in ya kira ka ka wuce, ba ka da abin da za ka gaya wa Allah. Shi ya sa 'ya'yana da jikokina ban koya musu waccan doka ba. Na ce musu duk inda suka ji kira, ko a kufai ne, ko rana ta take tsaka, su yi bismillah su ce na'am, su je su duba.